Farin Abu a Gorar Kunun Aya

Sana'ata zoɓo da kunun aya ce, a Tudun Wada, Zariya, kuma na kai shekara tara ina yi. Tun asuba nake tata, in ɗura a gorunan roba, in jera a firiza idan an kawo wuta, in ba a kawo ba in sayi ƙanƙara. Gorunan ba sababbi ba ne, kowa ya sani. Na lemo ne da na ruwa da almajirai ke tsintowa a gidajen biki, mu saya, mu wanke da omo da ruwan zafi. Waɗanda ba su sayu ba in an dawo da su da yamma, a kan turmin da ke kife a ƙofar madafa nake ajiyewa, wannan rabon yara ne. Duk yaron da ya tashi a gidana, in ya ga gora da farin abu a kan turmin nan, ba ya neman izinin kowa.

Cikin watan Agusta ne, damina biyu da suka wuce. Maigidana tela ne a kasuwar Sabon Gari, ya samo mana kujera ta hannu da araha, ashe da baƙinta ta zo. Kafin wata guda kuɗin cizo ya mamaye ɗakuna biyu. Cikin dare in ka haska tocila sai ka gan su suna gudu a ɗinkin katifa, da safe zanin gado duk ɗigon jini. Ga sauron damina, gidan sauron da aka raba mana kuwa ɗaya ne ya rage, ɗayan tuni na rufe kejin 'yan tsaki da shi. Yara ba sa barci, mu ma ba ma yi.

Ran nan sai ga Malam da 'yar kwalba mai ruwan ƙasa a leda. A wajen mai baro ya saya, irin masu yawo da lasifika suna kiran maganin sauro, maganin kyankyaso, maganin ɓera. Ba suna a jikinta, ba takarda, murfin ma yoyo yake. Fiya-fiya dai da kowa ya sani. Ya ce mai baron ya ce a zuba kaɗan a ruwa a yayyafa a lungunan katifa da kujera.

Ranar Asabar da hantsi rana ta fito, na fitar da katifu tsakar gida. Na ɗauko gora ɗaya cikin nawa, na tsiyaya maganin, na ƙara ruwa, na girgiza. Nan take ya koma fari tas. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, domin dariya na yi, na ce wa maƙwabciyata ta katanga, "Yaya, zo ki ga, wallahi kamar kunun ayata." Na yayyafa wajen rabi. Sai gari ya haɗe, iska ta taso, hadari ya yi baƙi ƙirin ta gabas. Na murɗe murfin da ƙarfi, na dire gorar a inda hannuna ya saba direwa, na ruga jan katifu. A kan turmi na ajiye ta.

Auta yana da shekara uku da wata biyu a lokacin. Ina cikin ɗaki ina kokawa da katifa na ji tari, sannan kuka. Na fito na same shi yana tofar da yawu yana murza baki, yana cewa, "Umma, ɗaci." Gaban rigarsa jiƙe sharkaf. Gorar tana birgima a ƙasa. Tun kafin in isa gare shi warin ya dake ni.

Ihun da na yi shi ya tara gidan. Inna, mahaifiyar Malam, ita ta fara fitowa, ko ɗankwali babu. Tana jin warin ta ce, "Manja! Ku kawo manja!" Mata suka cika tsakar gida cikin yayyafi, kowa da nasa. Wannan ta ce madara, waccan ta ce ɗanyen ƙwai, wata ta ce a jiƙa gishiri. Ni na danne shi a cinyata na toshe masa hanci, Inna ta ɗura masa manja da ludayi. Yana fizge-fizge, yana ƙwarewa, muna ƙarawa. Sannan na sa masa yatsa a maƙogwaro. Ya yi amai ja, ya shaƙe, ya yi wani tari mai tsawo har fuskarsa ta canza, sannan ya lafa a jikina. Inna ta ce, "Alhamdulillahi, ya amayar. Ki shimfiɗa shi ya huta."

Na shimfiɗa shi. Wannan ita ce magana mafi nauyi a bakina, amma haka aka yi. Tsakanin shansa da fitarmu daga gida an fi minti arba'in.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Yawu ya fara zuba daga bakinsa ba tsayawa, in na goge wani ya biyo. Zufa ta keto masa duk da sanyin ruwan sama. Hawaye na gudu alhali ba kuka yake ba. Ya saki fitsari, ya saki gudawa. Fatar idonsa da cinyarsa suna wani motsi, kamar tsutsa na yawo a ƙarƙashin fata. Ƙirjinsa na ƙara irin ta tukunyar da ta ɗauki tafasa. Na ɗaga shi, wuyansa ya langaɓe. Na buɗe idonsa da yatsa, sai na ga ƙwayar baƙin ta tsuke ta koma kamar tsinin allura. A nan ne na daina jin maganar kowa, na saɓa shi na yi waje.

Mai kemis ɗin bakin layinmu na fara nufa, kuma ina yi masa addu'a har gobe. Bai taɓa allura ba, bai karɓi sisina ba. Ya haska idon yaron kawai ya ce, "Hajiya, wannan ba nawa ba ne. Ki wuce babban asibiti yanzu yanzu. Ina abin da ya sha?" Na ce yana gida. Ya tura yaronsa a guje ya ɗauko gorar da kwalbar, ya ƙulle su a leda biyu, ya tsayar mana da mai Napep. Ya ce in kwantar da shi ta gefe, kansa ya ɗan yi ƙasa, don yawun ya riƙa fita kada ya koma masa ciki.

Daga Tudun Wada zuwa Shika, inda babban asibitin yake, ban taɓa sanin da nisa ba sai ranar. Muka haye gadar Kubanni ruwa na dukanmu ta gefe, muka ɗauki Malam a PZ yana tsaye da almakashi a aljihu ya manta bai ajiye ba, muka wuce Kwangila, muka wuce Samaru. Mai Napep ɗin yaro ne ƙarami, hannunsa bai bar kan hon ba. Ni kuwa ban da Inna lillahi babu abin da ke fita daga bakina, tafin hannuna na kan ƙirjin Auta ina ƙirga numfashinsa.

A ɗakin gaggawa na yara, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kayan jikinsa suka fara yi wa. Nas ta sa safar hannu, ta yanke rigar da almakashi, ta cusa a leda, suka wanke shi da sabulu da ruwa tun daga gashi, wata kuma tana zuƙe masa majina da na'ura, an ɗora masa oksijin. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Maman yaro, cire hijabin nan, je ki wanke hannu da ƙirji da sabulu. Maganin nan ta fata ma yana shiga." Sai a lokacin na lura kaina na sarawa, zuciyata na tashi. Ashe ni ma na ɗiba a goyon da na yi masa.

Likitan ya yi tambaya huɗu. Me ya sha, ƙarfe nawa, kamar yaya yawansa, me muka ba shi. Da na ce manja, kuma na sa shi amai, bai yi min faɗa ba. Ya numfasa kawai ya rubuta. Na gwammace da ya zage ni.

Sai aka fara allurar da na riƙe sunanta har abada, atirofin. Su yi, likita ya sa abin sauraro a ƙirji, ya jira 'yan mintoci, ya ce a ƙara, a ninka. Ina ƙirga kwalaben da nas ke fasawa har lissafi ya ɓace min. Can sai yawun ya fara ja baya. Zufar ta ɗauke, jikinsa ya bushe ya ɗau zafi, ƙwayar idon ta buɗe, zuciyarsa na bugawa da sauri. Cikin dare ya fara fizge-fizge yana kai hannu yana kama abin da babu, bai gane ni ba. Na kama rigar nas na ce, "Sista, allurar nan za ta kashe min shi." Ta ce, "Ki saurari ƙirjinsa. Kin ji ƙarar ɗazu?" Na kasa kunne. Shiru. Ta ce, "To abin da muke nema ke nan."

Washegari likitan ya zaunar da mu a benci ya yi mana bayani da Hausa, ni da Malam. Ya ce yawancin abin da ake kira fiya-fiya sinadari ne mai suna daiklobos, shi ne ake rubuta DDVP a jikin kwalaben maganin feshin gona, masu haɗawa kuma su tsarma shi da abin da suka ga dama, wani lokaci har da kananzir. Ya ce a jikin mutum jijiya kan aika saƙo ga tsoka ko ga inda yawu da zufa ke fitowa, akwai kuma wani sinadari da aikinsa share saƙon da zarar ya isa. Dafin nan wannan mai sharewar yake kamawa. Saƙo sai ya yi ta zuwa ba mai tsayar da shi, kamar famfon da kansa ya lalace. Duk wani ruwa na jiki sai ya ɓalle, mafi muni na cikin huhu, yaro ya nitse a cikin ruwan jikinsa yana kwance a kan gado. Atirofin ba ya fitar da dafin, rufe famfunan yake yi har jiki ya samu ya farfaɗo. Ya ce yaro ba kamar babba ba ne, jikinsa kaɗan ne, abin da zai sa babba ciwon kai shi zai iya kai shi ƙasa. Abin da ya taimaki Auta, bayan ikon Allah, shi ne na tsarma da ruwa, kuma ɗacin ya sa ya tofar da mai yawa.

Malam ya tambaya, "To likita, manjan fa?" Ya ce manja ba ya kashe dafin, madara ma haka, ƙwai ma haka. Abin da suke yi shi ne su ci lokaci, sannan yaron da ake danne wa hanci ana ɗura masa abu, ko ake tilasta masa amai, abin kan bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Ya ce ko Auta ya farka ba za su sallame mu da wuri ba, domin irin wannan dafi yakan yi kamar ya tafi, tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu kuma ya dawo ta wata fuska, wuya ya kasa ɗaukar kai, tsokar numfashi ta mutu. Shi ya sa kullum da safe sai ya ce wa Auta ya ɗago kansa daga filo ya gani.

Wannan bai same mu ba, Allah ya tsare. Wancan na huhun ne ya same mu. Kwana na biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya koma sama-sama. Aka yi hoton ƙirji, likita ya ɗaga shi a haske ya nuna min wani farin gajimare a gefen dama. Ya ce ga inda manjan da aman suka sauka. Kwana tara muka yi a asibiti. Dafin ya sake shi a kwana uku, sauran shidan na abin da na ɗura masa da hannuna ne. Kuɗin adashina da nake tarawa don sayen injin markaɗe a nan suka ƙare, har da akuyar Inna.

Ni da Malam mun yi kwana biyu ba ma magana. A daren farko, a barandar asibiti, ya ce, "Wa ya ce ki zuba a gora?" Na ce, "Wa ya kawo shi gidan?" Daga nan kowa ya kama bakinsa. Shi ya fara saukowa, ranar da Auta ya buɗe ido ya nemi shayi. Ya miƙo min kofin ya ce, "Ke ba shi, ke yake nema." Ba mu sake tada maganar ba.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta wajen Giwa, da 'yarta mai kamar shekara biyar. Su ba su sha komai ba. Maigidanta ne ya sa ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhunan masara don ƙwari, buhunan kuma a ɗakin da yaran ke kwana suke, aka rufe ƙofa da taga saboda sanyin damina. Ƙwayar in ta ji laima iska mai guba take fitarwa. Yara biyu ne suka kwana a ɗakin, ƙaramin tun a hanya ya cika. Na tambayi nas me ya sa ba a yi wa yarinyar irin allurar Auta, ta ce wancan gubar ba ta da makari, sai dai a tallafa wa jiki a jira. Uwar ba ta kuka. Tana zaune tana yi wa 'yar fifita da murfin kwano, in an kawo min abinci mu ci tare. Ranar da aka sallame mu suna nan, yarinyar ta fara zama.

Bayan mun dawo gida ne na fara jin abubuwan da da ko an faɗa ba na tsayawa saurare. Ashe tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana tallar maganin ƙwari a titi, ta kuma hana sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari a kasuwanni da kantuna, bayan da matasa suka yi ta shan sa suna hallaka kansu. Dokar tana nan, mu masu saye ne ba mu daina ba, mai baro kuwa muddin ana miƙa masa kuɗi zai ci gaba da zagayowa. Ashe kuma tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan wannan sinadarin da aka samu a jikinsa. Waken da Bature ya ƙi, shi muke dafa wa yaranmu da shinkafa. Ni dai yanzu in na sayi wake ko aya na ajiya, a buhun nan mai leda biyu a ciki nake ɗaurewa, ƙwaron ya rasa iska ya mutu da kansa. Kujerar kuwa Malam ya fitar da ita bayan gida ya cinna mata wuta. Katifu muka yi ta bi da tafasasshen ruwa a ɗinki muna shanyawa a rana, mako bayan mako. Ya fi wahala nesa ba kusa ba, sai da rani ya shigo muka ga bayansu.

Inna har yau ba ta yarda ba. In baƙi suka zo sai ta jawo Auta ta ce, "Kun ga wannan, manja ne ya cece shi, da ban ɗura masa ba da ba a kai asibitin da shi ba." Na yi mata bayanin hoton ƙirjin sau biyu, ta ce likitocin zamani ba sa son a ce tsofaffi sun san wani abu. Uwar miji ce, kuma akuyarta ta sayar dominsa, na bar ta. Amma na faɗa wa matan layinmu ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta kawo ƙwai ranar: a tuɓe yaro, a wanke shi da sabulu, kada a ba shi komai, a ɗauki kwalbar a tafi.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna ban faɗa wa kowa ba. Na san yadda na murɗe murfin gorar nan. Auta ko gorar zoɓo ba ya iya buɗewa, kawo min yake yi.

Yayarsa tana da shekara bakwai a lokacin. Tun da muka dawo ta canza. Ta rage cin abinci, ta koma fitsarin kwance da ta daina tun tana shekara uku, in an aike ta madafa sai ta zagaye turmin ta nesa. Na ɗauka tsoratar da ta yi ce ranar. Wajen wata huɗu bayan haka, wata Juma'a da la'asar, ina yi mata kitso tana zaune tsakanin ƙafafuna, ba ta ganin fuskata. Sai na ji ta ce a hankali, "Umma, ni na buɗe masa."

Hannuna ya tsaya a gashinta. Ta ce yana ta kuka yana nuna gorar, ni kuma ina ɗaki, ta ga fari ne, ta sa haƙori ta buɗe ta miƙa masa. Ta ce ta ji wata mata a tsakar gida ranar tana cewa duk wanda ya ba yaron nan abin nan sai 'yan sanda sun tafi da shi. Wata huɗu yarinyar nan tana jin ƙarar mota a layi gabanta na faɗuwa.

Na ce, "Wa ya zuba maganin a gora?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke."

"Wa ya ajiye a kan turmi?"

"Ke."

"In kin ga farin abu a kan turmi, me na ce ku yi da shi?"

"Mu sha."

Na ce, "To kin ji. Ke ƙaninki kika ba kunu."

Ta kifa kai a gwiwata ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, har Auta ya bar wasansa ya zo yana leƙen fuskarta yana tambaya wa ya dake ta. Da ta lafa ta ce, "Za ki faɗa wa Baba?" Na ce wannan ta bar min. Na goge mata fuska da bakin zanina, na ɗauki tsinken kitso na ce ta juyo min da ɗaya gefen, mu ƙarasa kafin a kira magariba.